Ranar Da Aka Ƙwace Muciya Daga Hannun Tiyamike

Akwai wata mata a ƙauyenmu na bayan duwatsun Ntcheu, sunanta Tiyamike. Mace ce mai jiki, irin wadda idan ta zauna a bencin coci sai na kusa da ita ya matsa. A wajenmu kuwa wannan abin yabo ne. Mace ta yi ƙiba, sai a ce mijinta ya iya riƙo.

Ita da yayarta Fainesi su ke tuƙa nsima, wato tuwon masara, a babbar tukunya duk ranar biki ko rasuwa. Ba kowace mace ake miƙa wa wannan muciyar ba.

Wata rana Ulemu, ma'aikaciyar lafiya, ta zo a kan kekenta ta kafa tebur a gindin mangwaro, tana gwada jinin mutane kyauta. Ta soki ɗan yatsan Tiyamike, ta duba na'urar, sai ta rage murya.

"Ciwon suga bai shigo ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa. Ki rage suga da soyayyen fanken nan mandasi da lemon kwalba. Ki koma garin masara mai dusa, ki yawaita wake da ganye, ki riƙa tafiyar ƙasa. In kin yi haka, kin rufe masa ƙofa."

Fainesi tana gefe, ta kwashe da dariya.

"Gari mai dusa? Abincin 'yan kurkuku?"

"Miƙo naki hannun, Mama," in ji Ulemu.

"A soki wa? Dube ni da kyau, yarinya. Wannan jikin ya yi miki kama da na mai ciwo?"

Tiyamike ba ta yi dariya ba, don tsoro ya riga ya kama ta. Mahaifiyarsu da ɗan gyambo ta fara a yatsan ƙafa. Ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar, daga baya idanu suka tafi. Gari ya ce jifa ne, asibiti suka ce suga. Tiyamike ce ta yi jinyarta har ƙarshe, kuma har yau idan ta tuna sai ta ji warin gyambon a hancinta.

Washegari ta sha shayinta ba suga, tana yamutsa fuska kamar mai haɗiyar magani. Ta kai masararta inji ta ce a niƙa ta da dusarta. Gonarsu tana kan tudu. Da can sai ta zauna ta huta a hanya, numfashi na neman gagararta. Sannu a hankali ta koma hawa ba tsayawa.

Jiki ya fara sauka. Zanin da da ƙyar yake zagaye ta ya koma yana saura.

To, a nan matsalar take, jama'a. Akwai shekarun da muka binne mutane da yawa a garin nan, kuma duk da rama suka fara. Tun lokacin ba mai kiran sunan ƙanjamau, sai dai a ce "ciwon nan". Shi ya sa a wajenmu ba a barin mutum ya rame lafiya.

Idan ta iso bakin famfo, sai hira ta mutu. Maƙwabciyar da kullum take aron ludayinta ta daina zuwa.

Ranar da wani dattijo ya rasu, mata suka taru a wajen girki. Tiyamike ta ɗaura zani, ta kama muciya, ta fara tuƙi. Sai ta ji an riƙe muciyar ta sama. Fainesi ce.

"Saki."

"Yaya, lafiya?"

"Ke za a tambaya. Mutane ba za su ci daga hannunki ba. Je ki zauna a inuwa."

"Suga nake gudu, Yaya. Kina wurin aka faɗa mini."

"Haka kowa yake cewa. Wani ya ce tari ne, wani ya ce zazzaɓi. Ke naki suga."

Ba macen da ta ɗaga kai. Tiyamike ta saki muciyar. Wallahi da marinta aka yi da ya fi mata sauƙi, don uwa ɗaya ta haife su.

Maganar ta riga ta isa gida. Da safe mijinta Limbani ya karɓi kofin shayinta, ya zuba suga cokali bayan cokali, ya juya, ya tura gabanta.

"Sha."

"Ba zan sha ba, maigida."

"Ana nuna ni da baki a kasuwa. Ki mayar da jikinki yadda yake, a bar mu mu huta."

"Mu je asibiti tare a gwada mu, kowa ya huta. Ko ciwon nan ne ma, ai yanzu akwai magani, mutane suna rayuwa da shi har su ga jikoki."

"In bi ki asibiti gari yana kallo? Ai shi ke nan, na sa hannu a kan maganarsu." Ya buga tebur. "Ko ki sha, ko in koma garinmu."

Da yake a wajenmu miji ne ke tarewa a garin matarsa, tafiya ba ta yi wa namiji wuya. Jaka ɗaya ce.

Tiyamike ta ɗauki kofin. Ta kai shi har bakinta. Kurɓa ɗaya, aure ya zauna, a mayar mata da muciya, a daina kauda kai. Sai ƙafar mahaifiyarta ta faɗo mata a rai.

Ta ajiye kofin.

"Ina son ka, Limbani. Amma ina son ƙafafuna."

Kafin rana ta take, ya ɗauki jakarsa ya haye tudu. Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta tashi ta ɗora wakenta.

Damina ta kankama. Tiyamike ta lura ba ta ganin Fainesi a gona. Ba sa magana, don haka ba ta je duba ta ba. Amma wata safiya tana wucewa ta ƙofar ɗakin yayarta, sai ta tsaya cak. Wannan warin ta san shi.

Ta tura ƙofar ba sallama. Fainesi tana kwance tana rawar ɗari, bokitin ruwan sha a gefenta, ƙafarta naɗe da tsumma.

"Fita," in ji Fainesi. "Ƙaya ce kawai. Ban ma ji shigarta ba."

Tiyamike ta kwance tsumman. Yatsu biyu sun yi baƙi.

"Kada ki gaya wa kowa," in ji Fainesi.

Da gudu Tiyamike ta je ta kira Ulemu. Ma'aikaciyar ta duba ƙafar, fuskarta ta canza.

"Yau za ta kwana a asibiti, ba gobe ba."

Ruwa ya cinye hanya, ba motar da za ta gangaro. Maza duk suna gonaki masu nisa. Abin da ya rage shi ne keken Ulemu. Suka ɗora Fainesi a baya, suka ɗaure ta da zani. Ulemu ta riƙe kan keken, Tiyamike ta sa kafaɗa tana turawa.

Tudun nan ba wasa ba ne, ga laka, ga nauyi. Keken yana zamewa, Tiyamike tana tokare shi da ƙirji. Zazzaɓi ya fara juya kan Fainesi, tana kiran sunan mahaifiyarsu.

"Ku bar ni nan," in ji ta. "Ba za ki iya ba."

"Riƙe bakinki, Yaya, ki riƙe sirdi."

Hanyar ta cikin garin su Limbani ta bi. Yana zaune a rumfa da abokansa, sai ga matar da aka ce tana bakin kabari, ta turo ƙatuwar mace tun daga kwari. Hira ta tsaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi, ya zo ya sa hannunsa kusa da nata a bayan keken. Suka ci gaba da turawa tare.

A asibiti likita ya ce suga ya daɗe yana cin Fainesi ba ta sani ba.

"Yatsun biyu sun tafi. Da kun ƙara kwana, da ba maganar yatsu za mu yi ba."

Da Ulemu ta sake kafa teburinta a gindin mangwaro, Limbani ne a gaban layi. Ya miƙa yatsa ya runtse ido, ƙaton mutum da shi, yara suna masa dariya.

Sai ga Fainesi tana ɗingishi da sanda, ɗayan hannun riƙe da babbar muciya. Ta ratsa mata har gaban ƙanwarta.

"A gaban mutane na ƙwace, a gaban mutane zan mayar. Ki yafe mini, 'yar uwata."

Tiyamike ta karɓa, hawaye na zuba. Fainesi ta juya wajen matan da suka tsaya nesa da tebur, suna noƙewa. Ta cire takalminta.

"Duk wadda take ganin ƙibarta lafiya ce, ta matso ta ƙirga yatsuna."

Darasi: Ƙiba ba shaidar lafiya ba ce, rama kuma ba hujjar zargi ba ce. Ciwon suga yana shigowa ne shiru, amma ana iya tare shi tun yana bakin ƙofa. Ku je a gwada ku, ku rage zaƙi, ku motsa jiki. Idan kuka ga wani yana ƙoƙarin ceton kansa, kada bakinku ya zama abin da zai karya shi. Ku tura wa 'yan uwa wannan labarin, wataƙila ƙafar wani ce za ku ceta.