Abin da Tururuwa Suka Ƙi Ci

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To ku natsu. Wanda ya katse ni, nan zan ajiye ta, ya je kasuwa ya sayi ƙarshenta.

Bushiya ce dai, gwanar alkaki da nakiya. Amma abin da ya fitar da sunanta adon fure ne. Sai ta jiƙa ƙaro, ta tsoma gashin kaza ta shafe fure ɗaya bayan ɗaya, ta barbaɗa dakakken sukari, ta shanya a inuwa. In ya bushe ta jera a kan alkaki, ka rasa ci za ka yi ko kallo.

Ana nan sai 'yarta ta haihu. Bushiya ta ce sunan nan sai an ba da labarinsa. Ta kira maƙwabcinta Kurege.

"Malam Kurege, ƙafarka ta fi tawa sauri. Samo min furen zoɓo."

"Ladana fa, Iya?"

"Ka lashe turmin sukari."

Ya je ya kawo ja, ya lashe turmi. Ta aike shi furen kabewa, ya kawo rawaya, ya sake lashe turmi. Ta ce saura fari, furen zogale, can bakin rafi.

Kurege ya dubi rana, ya dubi nisan rafi, ya dubi tumbinsa. A bayan juji kuwa ga zaƙami ya yi fure fari tas. Kun san zaƙami, ko akuya ba ta kula shi. Babba ya ci ya haukace, yaro ya ci sai dai wani ikon Allah. Kurege ya tsinko, ya yayyaga ƙanana, ya kawo.

"Har ka dawo?"

"Iya, ai rafin ne ya matso."

Aiki ya sha wa Bushiya kai, ga ido ba ƙarfi. Ta shafe, ta barbaɗe, sukari ya rufe komai. Ta jera faifai uku a ƙarƙashin rumfa.

Ranar suna da hantsi ta ɗaga faifan ja, sai ga tururuwa sun yi masa baƙi.

"Ku 'yan gadon kwaɗayi, wa ya gayyace ku?"

Uwar tururuwa ta ce, "Iya, mu ba a gayyatarmu. Zuwa muke yi."

Ta kakkaɓe su tana zagi. Ta ɗaga faifan rawaya, ga su nan ma. Ta ƙara zagi, ta haɗa har da kakanninsu. Ta ɗaga na fari, babu ko ɗaya.

Ta ce, "Madalla, mai tsabta na yara ne." Ta kira yaran gidan suna, suka kewaye ta. Babbar jikarta ta ɗauki ɗaya.

Amma zuciyar Bushiya ba ta da nisa. Ƙin farin da tururuwa suka yi ya tsaya mata a rai. Ta juya ta ce, "Ke uwar kwaɗayi, me kuka raina a farin? Sukarina ne bai kai ba?"

"Sukari ya kai, Iya. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ba ma ci. Mun taɓa binne dangi a bayan juji."

Bushiya ta doke hannun jikarta, fure ya faɗi ƙasa. Ta bi yara tana buɗe bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya kai baki. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta rungume jikar, tana ta hamdala har ƙayoyin bayanta suka kwanta.

Da numfashinta ya dawo ta ce, "Malam Kurege, zo ka ci farin nan, kai ka sha wahalar rafi."

"Azumi nake, Iya."

"Da hannunka cikin tuwon suna?"

"Haƙori ke damuna."

"Tsotsa za ka yi."

"Iya, na bar tukunya a wuta."

Ta rarumo taɓarya, shi kuwa sai ƙurarsa. Aka haƙa rami aka binne farin. Aka yi suna da ja da rawaya, kowa ya ci ya koma gida da ƙafarsa da hankalinsa. Bushiya ta zuba wa tururuwa sukari a gindin rumfa, ta ce daga yau su ne masu ɗanɗanon farko.

Shi ya sa duk inda kuka ɓoye sukari, tururuwa za su riga ku. Shi ya sa kuma kurege bai yin taku kaɗan sai ya miƙe tsaye yana waige, ko Iya na tafe. Ku kuma, ba kowane fure ake kai wa baki ba, ko an shafe shi da zuma. Ku tambaya tukuna.

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege. Ku tashi min daga tabarma.