Sharar Bakin Ƙofar Cilakowa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Matar Cilakowa ce ta shiga kogon kuka za ta yi ƙwai. Yadda danginsu suka saba, suka liƙe ƙofar da laka, sai 'yar kafar da baki zai shiga. Kullum mijin ya kawo fara, ya tura mata, ya tashi fir.

Ta ce, "Maigida, ka share bakin ƙofar nan mana, ƙafafun fara sun taru."

Ya ce, "Na wuni cikin rana ina nema, ko sannu babu, sai shara?"

Washegari ta sake faɗa. Ya ce, "Ke dai ba a iya miki! Bari in je nesa in jibgo miki abinci, in huta da mita."

Ita kuwa ba sharar ce ta dame ta ba. Duhu ne ya ishe ta, so take ya ɗan daɗe ta ji motsinsa. Ba ta faɗa ba, shi ma bai tambaya ba.

Can nesa Shaho ya sure shi.

Tana zaune da yunwa, sai ta ji ana shar-shar a ƙofa. Ta ce, "Sannu da aiki, maigida. Kada ka yi sauri, dama motsinka nake so."

Ashe Kumurci ne yake jan ciki, yana neman kafar shiga.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya faɗa wuta, ku je ku kwanta.