Kurege da Gyaran Ƙosai

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wani Kurege mai riƙon tsiya. Kullum da safe yakan sayi ƙosai wurin Bushiya a gindin tsamiya, ita kuwa ta ɗora masa gyara. Ran nan ciniki ya rincaɓe, ta manta. Kurege ya tsaya, ya yi tari, ya sake yin tari. Bushiya ta ci gaba da suyarta. Abin ya tsaya masa a rai.

Ya nufi wurin alƙali Burtu, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya gafarta malam, an hana ni gyara."

Burtu ya ce, "Gyara ai kyauta ce, ba a ƙara a kanta. Tashi."

Kashegari sai ga shi ya dawo da rawani, yana ta goge ido.

"Yau ba don kaina na zo ba. Jama'a ce ta aiko ni. Hayaƙin Bushiya zai makantar da gari."

To, a garin nan, da an ambaci jama'a alƙali ba ya jinkiri. Nan take aka hana Bushiya suya. Ta kife kaskonta tana hawaye, don da shi take ci da 'ya'yanta. Kurege kuwa har da rawa a hanya.

Gari ya waye, ba ƙosai. Jaki ya zo, Tunkiya ta zo, Agwagwa ta zo da kwanon kokonta.

Bushiya ta ce, "Ku da kuka kai ni ƙara, me kuma kuke nema?"

"Mu? Yaushe?"

Suka ɗunguma sai gaban alƙali, aka kirawo Kurege.

Burtu ya ce, "Jaki, kai ka aike shi?"

"Ban aike shi ba."

"Tunkiya fa?"

"Ban aike shi ba."

"Agwagwa?"

"Ni ko gaisawa ba ma yi!"

Burtu ya gyara zama. "Bushiya, koma ki hura wutarki. Kai kuma Kurege, tun da kana ƙaunar jama'a haka, daga yau ba za a sayar maka ba sai kowa ya ƙoshi."

Yara, kun taɓa ganin ranar da jaki ya ƙoshi? Shi ya sa har gobe za ku ga kurege tsaye a kan ƙafa biyu, yana leƙe daga nesa, ko layi ya zo kansa.

Wanda ya ari bakin jama'a don ya huce haushinsa, ranar da jama'a ta zo da kanta shi zai kwana da yunwa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege!