Tanimu Mai Marin Mota

A zamanin da Faransawa ke mulkin Damagaram, lokacin da motocin Zinder ba su fi a ƙirga su da yatsu ba, an yi wani shofer, wato direba, mai suna Tanimu. Tuƙi kam ya iya, ba mai ƙwace masa wannan. Sai dai zuciyarsa a kusa take, ga girman kan tsiya. Tun ranar da Nasara suka ba shi permi, wato takardar izinin tuƙi, ya daina jin maganar kowa. In ka ce masa ga rami, sai ya tambaye ka shekara nawa ka yi kana jan mota.

Motar da yake ja tsohuwar kamyo ce, wato babbar motar kaya, ragowar soja, ta wani kamfanin gyaɗa. A kakar wannan shekarar matarsa Rakiya tana goyon ciki a gidan iyayenta a Gidimuni, cikin fari. Ungozoma ta shafa, ta ce ɗan a gicciye yake, ranar da naƙuda ta tashi sai an kai ta wurin likita a Zinder. Tanimu ya aika wa surukarsa Inna Shatu cewa kada su nemi jaki ko raƙumi. Ya ce bayan kowane kwana biyu yana zuwa garin ɗaukar gyaɗa, mota kuma a hannunsa take. Mutanen suka kwantar da hankalinsu a kan maganarsa.

To, motar tana da wani ciwo. In an loda ta aka hau gargada, sai fitilunta su ɗauke, can kuma su dawo don kansu. In suka daɗe ba su dawo ba, sai Tanimu ya sauko ya ɗauke gefen fitilar da mari, sai ka ga haske ya kawo. Wai shi a nan ya yi gwaninta. Har yana gaya wa 'yan dako cewa mota ma ta san wanda take tsoro. Sau uku yana sake ƙwan fitila, sau uku yana zuwa kasuwa yana zazzaga wa Auwalu, Bakanon da ke sayar da su, ruwan rashin mutunci, wai ya sayar masa da jabu. Bawan Allah bai ci ba bai sha ba.

Wata Laraba ya shiga garaji don a zuba wa motar mai. Makanikin wurin, wani dattijo mai suna Dodo, ya ga ƙarfen gefen fitila ya lotsa.

Ya ce, "Me ya bugi nan?"

Tanimu ya ce, "Hannuna ne, Baba Dodo. In fitilar ta yi gardama nakan tuna mata."

Dodo ya kunna fitila, ta kama tar. Ya kashe, ya sake kunnawa, ta kama. Ya tambaya ko a tsaye take ɗaukewa ko a tafe, da kaya ko ba kaya. Tanimu ya amsa masa a daƙile.

Dodo ya ce, "To ba ƙwai ba ne. Ƙwan da ya mutu ba ya farfaɗowa don an mare shi. Waya ce ta saki a wani wuri, tana taɓawa tana rabuwa. Bar mini ita gobe, a riƙa girgiza ta ina bin wayar tun daga batir har fitila."

"In ajiye mota yini guda a kan fitilar da ga ta nan tana ci?"

"Ciwon da ke ɓuya a gaban mai magani shi ne abin tsoro. Ka iya tuƙi, ɗana, amma ba ka san cikin mota ba. Kuma na ji iyalinka wannan motar suke jira."

Wasu shofofi biyu da ke zaune a inuwa suka yi dariya. Ai kuwa sai ran Tanimu ya ɓaci, idonsa ya rufe. Ya ce, "Ni za a koya wa mota? Ni Nasara ya gwada ya ba takarda. Kai kuwa ka tsufa a ƙarƙashinta, ba ka taɓa kai ta ko ƙofar gari ba. Maganar iyalina kuma ba ruwanka."

Dodo ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ranar Juma'a da la'asar Tanimu ya isa Gidimuni, ya tarar naƙuda ta tashi tun safe. Aka shimfiɗa wa Rakiya tabarma a kan buhunan gyaɗa, Inna Shatu ta zauna kusa da ita da fitilar hannu. Tun da ya auri 'yarta, tsohuwar nan ba ta taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, balle ta ambaci sunansa, saboda kunyar surukuta. Ta bakin maƙwabciya ta tambaya ko za su isa da wuri. Ya ce kafin a yi isha suna gaban likita.

Magariba ta same su a hanya, kuma ƙarshen wata ne, ba farin wata. Ya kunna fitila. Da suka hau gargada ta ɗauke, ya sauko ya mare ta, ta dawo. Ba su yi nisa ba ta sake. Ya mara, ya zaga, ta dawo. Da suka wuce Miriya ta sake ɗaukewa, wannan karon ko ƙyas. Ya mara da dama, ya mara da hagu, ya sa ƙafa, ya ɗauko dutse ya buga har gilashin ya tarwatse. Rakiya tana nishi a sama, shi yana ƙasa yana dambe da ƙarfe. Da ya gaji sai ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga wayoyi sun kai goma, bai san wacce zai taɓa ba.

Ya gwada tafiya a duhu, taya ɗaya ta zurma gefen kwazazzabo, saura kaɗan su kife. Nan Inna Shatu ta sauko. Ta ɗaura gyalenta a ƙugu, ta ɗaga fitilar hannunta, ta shiga gaban motar. Haka suka tafi. Tsohuwa mai shekara sittin tana takawa a gaba, ƙaton shofer mai permi yana binta a baya da kamyo. Duk tuntuɓen da ta yi a idonsa ta yi shi. Haushi ya cika shi har wuya, ya rasa wanda zai zaga.

Ana kiran assalatu suka shiga Zinder. Likita ya ceto Rakiya da ƙyar. Ɗan kuwa, namiji, bai zo da rai ba. Mai taimakon likita ya fito ya ce da sun iso da isha, da wataƙila labari ya sha bamban.

Inna Shatu tana zaune a dakalin asibiti, ƙafafunta duk sun faffashe. Tanimu ya durƙusa daga nesa, ya ce, "Inna, fitilar ce ta..."

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Ta ce, "Tanimu, jiya ta fara?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Da ka ce mana babu, da tun jiya da safe mun ɗora ta a raƙumi."

Da rana ta fito aka kai motar garaji. Dodo bai yi masa gori ba. Ya sa mutum biyu suna girgiza ta, shi yana bin waya da yatsa. Kafin hantsi ya dubi ludayi ya kai ga wani ɗan noti da ya sassauta a jikin ƙarfen motar, bakin wayar ya yi tsatsa. Ya kankare, ya ɗaure. Fitila ɗayar da ta tsira ta kama tar, aka yi ta jijjiga motar ba ta ko ƙifta ba. Tanimu ya tsaya yana kallon notin da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, an jima aka zo kiransa ya tafi a binne ɗansa.

Darasin da ke nan, ɓarnar da ke zuwa tana komawa ba warkewa ta yi ba, rana take jira. Wanda ya ga alama ya rufe ta da ƙarfi da faɗa, ya ƙi jin wanda ya fi shi sani, ya sayi nadama da hannunsa. Kuma sau da yawa ba mai girman kan ne ke fara biya ba, waɗanda suka amince da maganarsa ne. In an ce ka tsaya a duba, ka tsaya, musamman in akwai rai a bayanka.