Tocilar Torleif da Bas ɗin Ƙarshe

Akwai wani maƙwabcinmu a nan Tromsø, can ƙurewar arewacin Turai, sunansa Torleif, wanda bai taɓa sayen ƙaramin abu ba. In zai yi bayani sai ya ɗaga haɓa, ya saukar da murya kamar mai karanta labarai a rediyo, ya ce, "Ka gane ko..."

Da hunturu ya kama, rana ta daina fitowa, mahaifiyarsa Gunvor ta aike shi ya sayo mata tocila.

"Ƙarama nake so, mai makunni ɗaya. Wadda zan jefa a aljihu in manta da ita."

Sai ga shi da wata mai kaurin kwalbar madara, ta caji, mai haske kala-kala.

"Mama, kin gane ko, ƙananan nan kayan wasan yara ne. Wannan har ƙetaren ruwa take haskawa. Ta ishe mu mu biyu."

"Ni me na ajiye a ƙetaren ruwa? Ramin makulli nake son gani."

Ya yi dariya, ya bubbuga kafaɗarta.

Dab da Kirsimeti suka tafi kunna kyandir a kabarin mahaifinsa, a tsohon ƙauyensu na can cikin kwari, inda yanzu babu kowa sai coci a kulle. Motarsa tana wajen gyara, don haka suka bi bas. Gunvor ta ce bari ta ɗauko ɗan abin ƙyallinta, wanda ke sa direba ya hango mutum a duhu, yana maƙale a tsohuwar rigarta.

"Bar shi, Mama. Muna da tocilar nan."

Suka kunna kyandir, suka gangaro bakin titi. Ko lokacin shan kofi na yamma bai yi ba, amma duhu ya rufe. Kun dai san tashoshin ƙauye: sanda ɗaya da allo. Bas ba ya tsayawa sai direba ya ga haske yana kaɗawa. Wanda suke jira kuma shi ne na ƙarshe.

Torleif ya zaro tocila, ya kai ta ƙarshen ƙarfinta. Ya haska dutse. Ya haska hasumiyar coci. Ya bi itatuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Kin ga wancan reshen? Kin gan shi? Kamar da tsakar rana."

"Na gani, ɗan nan. Kashe ta haka nan."

"Kin gane ko, batirin nan..."

Bai ƙarasa ba hasken ya yi ja, ya ƙifta, ya ɗauke.

Ya danna. Ya girgiza ta. Ya cire safar hannu da haƙori ya sake dannawa. Sanyi da wasan da ya yi sun shanye cajin tas. Ya laluba wayarsa a aljihun waje, ita ma sanyi ya kashe ta. Ta Gunvor kuwa, kamar kullum, tana kan teburin kicin.

"Torleif, ba na jin yatsun ƙafata."

"Yanzu zai zo, Mama."

Muryar rediyo ta tafi. Wata siririya ce ta fito, irin ta ɗan makaranta da ya ɓatar da hularsa.

Can sai ga fitilu biyu sun ɓullo daga kwana. Su biyun duk baƙar rigar sanyi ce a jikinsu. Gunvor ta ciro ragowar ashanar kyandir, ta ƙyasta, iska ta hure. Ta sake, ta karye. Torleif ya matsa bakin kwalta yana ɗaga hannuwa, yana kaɗa matacciyar tocila, yana kiran direban da ba ya jin sa.

Bas ya wuce su da ɗuminsa. Har wata mata suka hango a ciki tana saƙa.

Torleif ya bi bas ɗin da gudu, santsi ya kwashe shi. Da ya tashi, jajayen fitilun baya sun ɓace. Ya dawo ya tarar da Gunvor zaune a kan ƙanƙara, ta jingina da sandar allo.

"Bari in ɗan huta," ta ce, a hankali.

Wannan ce kalmar da kowa a nan yake tsoron ji daga bakin tsoho a cikin sanyi.

"Ba za ki huta ba. Hau bayana."

Ya goya ta. Tocilar ta ƙi shiga aljihu, tana hana shi riƙe ƙafarta, sai ya sake ta a gefen hanya. Ya riƙa laluben bakin titi da takalmi, yana ja mata hira don kada barci ya ɗauke ta. Ya tambaye ta sunayen tumakin da suka taɓa kiwo. Ta faɗi biyu, ta yi shiru.

"Mama. Mama, sai wace?"

"Ka cika surutu," ta ce a bayan kunnensa. Bai taɓa jin daɗin faɗanta kamar ranar ba.

Sun yi nisa kafin ya hango taga mai haske. Wata manomiya, Oddny, ta buɗe ƙofa. Ba ta tambayi komai ba, ta naɗe tsohuwar da bargo, ta tayar da mota sai asibiti.

Gunvor ta rayu, amma sanyi ya ci ƙananan yatsu biyu na ƙafarta ta hagu. Matar da ke hawan dutse tsinkar 'ya'yan itace duk kaka, yanzu da sanda take zuwa kanti. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Ranar da aka sallame ta, ya durƙusa yana ɗaura mata takalmi, ya buɗe baki zai yi magana, ta dafa kansa.

"Ɗaure kawai, Torleif. Kar ka matse."

Darasi: In wanda ya san buƙatarsa ya ce ƙarami yake so, ka kawo masa ƙarami. Kayan aiki ba na burga ba ne, kuma sau da yawa ba mai girman kan ne ke biyan kuɗin girman kansa ba, na kusa da shi ne. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da ya fi kowa sani, ku kuma duba aljihun tsofaffinku kafin su fita.