Lakar Bayan Masana'anta

Akwai wani masanin sinadarai mai suna Lyuben, a wata masana'antar sabulu da ke wajen garin Plovdiv. Na san shi. Sunan mahaifinsa ya ɓace mini, kamar yadda abubuwa ke ɓace mini yanzu, amma ina tuna dariyarsa da farar rigarsa mai shan guga.

Lyuben ya haɗa wani sabon sinadari na wanke gashin tumaki. Yana cire maiƙo tas, ko da ruwan sanyi ne. Sai dai kafin a sayar, dole a gwada: in an zubar da shi a rafi, zai ruɓe ya ɓace, ko zai zauna ya ɓata ruwa?

Gwajin aikin Tsvetana ne, abokiyar aikinsa da ta girme shi, wadda yake kira Yaya. Takan cika kwalabe da ruwa, ta sa ɗan sinadarin, ta ɗiga laka daga inda ake tace ƙazamin ruwan gari, domin a cikinta akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ta toshe, ta ajiye a duhu kusan wata guda. In halittun sun ci sinadarin, za su shanye iskar da ke cikin ruwan, ma'auni ya nuna.

Da aka buɗe kwalaben, iska na nan kusan yadda aka bar ta.

Lyuben ya yi dariya. "Yaya, 'yan dabbobin naki azumi suke yi?"

Ta ce, "Na ba su wani abinci a wata kwalba, sun cinye. Lafiyarsu ƙalau. Naka ne ba sa so."

"Ba su san daɗi ba ne, irin uwar ɗakinsu."

Daga nan Lyuben ya fita. Ya zaga bayan masana'anta, inda ya daɗe yana zubar da ragowar gwaje-gwajensa a wata kwata, ya kwaso laka, ya sake gwajin da kansa. Wannan karon halittun suka cinye sinadarin. Ya shigo yana fito, ya ajiye mata sakamakon kusa da kofin gahawarta.

Ta duba, ta sake dubawa. "Ina ka samo lakar?"

"Laka ai laka ce."

"Lyuben, kalle ni."

"Daga kwatar baya."

"Haba! Waɗannan shekara da shekaru kake ciyar da su abin nan, sun saba. Na rafi ba su taɓa ɗanɗana shi ba. Ka raɗa wa yaro amsa, sannan ka yi masa jarrabawa? Kuma ka san masu saye. Masu wankin gashi ne na kan tsauni, ruwansu rafin ƙauyenku yake gangarawa, inda ƙanenka Radoy yake kiwon kifi."

Ya ce, "Kin tsufa, Yaya. Komai tsoro."

Abin da ya fi ciwo, a gaban manaja ya maimaita wannan magana, har ya ƙara da cewa hassada ce. Ina cikin ɗakin a ranar, ko kuwa labari aka ba ni? Ban tabbata ba. Na dai san manaja yana ɗokin a fara sayarwa. Tsvetana ta ƙi sa hannu, ta ajiye aiki, ta koma gida. Duk da haka aka fara sayar da sinadarin.

Lokacin askin tumaki ya zo, aka yi ta wanki a kan tsauni. Kumfa ta fara taruwa a bakin duwatsun rafi, ta ƙi bajewa. Wata safiya Radoy ya buga masa waya.

"Yaya, zo ka ga wankinka. Ya fita tas."

Da Lyuben ya je, ya tarar da kifayen tafkunan Radoy duk sun juya ciki sama. An janye sinadarin daga kasuwa, amma ya riga ya kwanta a ƙasan rafin. Radoy ya rufe gida, ya tafi ƙasar Sifen tsinkar lemu a gonar wasu. Ya daina ɗaukar wayar ɗan'uwansa.

Da kaka Lyuben ya je gidan Tsvetana. Ya same ta a tsakar gida tana gasa jan tattasai na ajiyar hunturu. Ya tsaya a ƙofa kamar baƙo.

Ta ce, "Shigo mana. Ga kujera, ɓare mini waɗannan."

Ya zauna yana ɓarewa, yatsunsa na ƙuna. Can ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Ki gaya mini abin da zan zuba a rafin nan ya warke."

"Na yafe tun tuni. Amma babu abin zubawa. Halittun rafin za su koyi cinsa a hankali, kamar yadda na kwatarka suka koya."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Wataƙila 'ya'yan Radoy su gani, in sun dawo."

Ya ci gaba da ɓare tattasai.

Darasi: In gwaji ya ba ka amsar da ba ka so, gyara aikinka, kada ka gyara gwajin. Kuma wanda ya gaya maka gaskiya mai ɗaci, kada ka kira shi mahassadi, domin ɓarnar takan faɗa kan naka. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai tsaya ya saurara tun da sauran lokaci.