Kadangaren da Ya Kori Sarauniya

An yi wani Kadangare mai jan kai a ramin wata tsohuwar katanga. Shi dai ba a gaya masa magana. Kafin ka rufe baki ya gyaɗa kai sau uku, wai ya riga ya sani. Maƙwabciyarsa tsohuwar Hawainiya ce, wadda ba ta cewa komai sai ta duba da kyau.

Kadangare ya gaji da farauta. Burinsa ya kama sarauniyar tururuwa, ta riƙa zuba masa ƙwai a rami, shi kuwa yana lashe 'ya'yan daga kwance.

Washegarin ruwan farko, da hantsi, tururuwa masu fiffike suka taso sama, domin ranar aurensu ce. Da suka fara sauka, Kadangare ya yi wuf ya danne biyu. Ɗaya siririya mai fiffike yana ƙyalli, ɗaya ƙatuwa, duk laka, ko fiffike babu.

"Gwaggo, zo ki ga sarauniya!" in ji shi, yana ɗaga mai ƙyallin. "Daga yau 'ya'yanta ne abincina."

Hawainiya ta juya ido. "Ɗan nan, dubi kafaɗun waccan ƙatuwar. Ka ga tabo? Sarauniya in ta gama aure, da kanta take karya fiffikenta ta nemi wurin haƙa."

"Ji wata magana! Wace sarauniya ce za ta yi yawo tsirara cikin laka?"

Mai fiffike ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa namiji ne. Ango ne kawai."

"Kin ji wayon sarauta ko, Gwaggo? Ɓad da kama take yi!"

Ƙatuwar ta sunkuyar da kai, dariya na cinta. "Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Ni kaya nake ɗaukar mata."

"To ɓace min da gani!" Ya sharɓe ta da wutsiya. Ba ta yi nisa ba, ta haƙa rami a gindin katangarsa.

Kadangare ya dinga kai wa ango ruwan fure yana tambaya, "Ina ƙwan?" Kwana uku ango ya mutu, domin angon tururuwa ba ya daɗewa. Ko ƙwai ɗaya babu.

Da damina ta zagayo, yana barcin rana sai ya ji cizo a hanci. Tururuwa ne, ramin ya cika maƙil. Ya lashi biyu, ɗari suka kama masa harshe. Daga ƙasa wata murya ta ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaukar kayan nan ce. Ga 'ya'yan da kake so, har gida."

Ya bar musu ramin da gudu, ya haye reshen Hawainiya, fuska a kumbure.

"Ɗan nan," in ji ta, "yau ba za ka gyaɗa kai ba?"

Darasin wannan labari shi ne, kyan tufafi ba ya nuna ko wane ne mutum. Wanda kuma ya ƙi sauraron na gaba da shi, sai ya ji a jikinsa.